Shekarar da Na Zana Tulu

Ku da kuke zaune gaban kwamfuta, ku danna nan ku danna can, inji ya fito muku da fuskar mutum mai faɗin ƙofar gida kafin shayi ya huce, kun ɗauka zanen allo wasa ne. Rannan na ji ɗayanku yana cewa ai kowa aka miƙa wa burushi da gwangwanin fenti zai rubuta "Ana Sayar da Ƙanƙara". Ban yi masa musu ba. Ni dai shekara arba'in da 'yan kai ke nan ina wannan sana'a a Ƙofar Kaura. Sunana Iro, amma in ba Iro Mai Zane ka ce ba, ba wanda zai nuna maka rumfata. Tunda yau an ɗauke wuta, injinku ya yi shiru, ku jawo benci ku ji.

Aikin farko da maigidana Malam Rabe ya ba ni shi ne wankin burushi. Wata shida cur ban rubuta ko baƙi ɗaya ba. Gwangwani uku ake jerawa da kananzir: na farko ya kwashe fenti, na biyu ya ɗauraye, na uku kuwa dole burushi ya fito ya bar shi garau kamar ba a taɓa ba. Daga nan a shafa wa gashin ɗan man gyaɗa, a naɗe a tsumma. Ƙananan burushin rubutu shi da kansa yake haɗawa, da gashin wutsiyar akuya da yake karɓowa wajen mahauta. Bayan wanki sai bugun layi: a turbuɗa zare cikin garin alli, a ja shi ya miƙe, a ɗaga tsakiya a saki, ya bar farin layi a jikin allo. Sai da na shekara biyu kafin ya yarda in rubuta sunan shago, shi ma yana tsaye a kaina. In wuri ya ƙare mini na matse baƙaƙe a ƙarshen layi, ba ya faɗa. Tsumma kawai zai tsoma a kananzir ya miƙo mini.

Fuska ita ce ƙarshen karatu. Wani mai babbar mota ya taɓa kawo hoton mahaifinsa, ɗan ƙarami kamar na katin shaida, yana so a zana shi a bayan motar. Aka raba hoton gida-gida da fensir, aka raba bayan motar gida-gida da alli, na kwana uku ina bi ɗaya bayan ɗaya. Da na gama Malam Rabe ya ja da baya, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ka yi ƙoƙari, Iro. Amma wanga ƙanen tsohon ne, ba shi ba ne." Ashe idon hagu na ɗaga da abin da bai wuce faɗin ƙwayar dawa ba.

Lokacin zaɓe shi ne kakarmu. Bandir-bandir na farin yadi ake saukewa, mu yanka, mu rubuta, mu shanya a igiya tun daga bakin rumfa har gindin dalbejiyar can. 'Yan jam'iyyu daban-daban su zauna a benci ɗaya suna jiran aikinsu ya bushe, ana tsokanar juna, ana damun fura a ƙwarya ɗaya. Dokar Malam Rabe biyu ce, kuma da ya rasu na gaji rumfar na gaje su. Ta farko, kowa ya kawo aiki a yi masa, amma ba a rubuta zagi. Ta biyu, alamar jam'iyya ta fito sak yadda take a takardar ƙuri'a. Tsohuwar da ba ta yi boko ba, ba suna take nema ba in ta shiga rumfar zaɓe. Hoton da idonta ya saba da shi a bango take nema. In ka karkatar da shi, kai ka karkatar mata da yatsa.

Babban mai kawo mini aiki a shekarun nan shi ne Alhaji Mani, mai sayar da yadi a babbar kasuwa. Tare muka yi makarantar allo a Ƙofar Marusa. Shi ne jagoran babbar jam'iyyar adawa a unguwarsu, kuma duk zaɓe yadi daga shagonsa yake zuwa, aiki kuma rumfata. A zaɓen shugaban ƙasa da nake ba ku labari, shi da mutanensa sun tabbata lokacinsu ya yi. Jama'a sun gaji da masu mulki, ko a wajen mai shayi abin da ake faɗa ke nan.

Wata safiya ina tsakiyar zana fuskar ɗan takararsu sai ga Malam Sada a kan tsohon babur ɗinsa. Malam Sada malamin dabbobi ne da ya yi ritaya. Shekara talatin yana yawon rugage yana yi wa shanu allura, ba Bafulatanin da ke kewayen Katsina da bai san hularsa ba. A da tare suke da Alhaji Mani a jam'iyya ɗaya. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi ciwon bayan da ke damuna, sannan ya zaro wata takarda daga aljihu ya warware. Hoton tulu ne.

"Mi ke nan, Malam?" na ce.

"Alamarmu ce. Akwai ɗan takara na uku bana, shi nake yi."

Ya ce mutumin shi kaɗai ne ya buɗe baki ya yi maganar burtalin shanu da manoma suka cinye, da mashaya da suka ƙafe, da ɓarayin da ke kore garke. Manyan 'yan takarar biyu ba wanda ya taɓa taka ruga. Ƙyalle ashirin yake so, ba fuska, tulu kawai da sunan jam'iyya.

Kuna ganin tulu abu ne mai sauƙi ko? Ya fi fuska wuya. Fuska tana da gemu da hula da za su rufa maka asiri, tulu kuwa layi ɗaya ne. In ka matse wuya ya zama gora, in ka buɗe baki ya zama tukunya. Sai na nemo tsohon fim ɗin hoton ƙashi, irin wanda asibiti ke zubarwa, na kwafi tulun a kai, na yanke da reza sabuwa, don kowane ƙyalle ya fito iri ɗaya. Launin ƙasa na haɗa da ja da ɗan baƙi da ɗigon rawaya, sai da na gwada sau biyar kafin ya yi kama da tulun da aka gasa. Da Malam Sada ya gani ya ce saura kaɗan ya ji ƙishirwa.

Ran da ya zo ɗauka, yana cikin ɗaure su a bayan babur, Alhaji Mani ya iso. Suka gaisa kamar yadda ya kamata, ba wanda ya rage wa wani ko gaisuwa ɗaya. Sannan Alhaji Mani ya zauna, ya ɗauki murfin gwangwani uku ya jera a kan benci.

"Malam Sada, kai mai ilimi ne, ba sai na yi maka dogon bayani ba. Wanga na masu mulki ne. Wanga namu ne. Wanga ƙarami naka ne. Mutumin nan naka zai ci?"

"Ba zai ci ba," in ji Malam Sada.

"To alhamdu lillahi, ka faɗa da bakinka. Wanda ya ji daɗin mulkin nan ba zai zaɓi tulu ba. Wanda ya ji jiki ne zai zaɓe shi, kuma wanda ya ji jiki namu ne. Duk yatsan da ya sauka kan tulu daga tukunyarmu aka ɗebe shi. Ba za ku ci ba, ku hana mu ci, waɗanda kuke kuka da su su koma. Shi ke nan aikin da ka fito yi."

Malam Sada ya ɗauki ƙaramin murfin ya juya shi a hannu. Ya ce, "Alhaji, mutanen da zan kawo ba naku ba ne. Ba su taɓa fitowa ba. Sau nawa na ce maka mu je ruga ka ce hanya ba kyau? Kuma ka san doka: ba yawan ƙuri'a kaɗai ke ba mutum kujera ba, sai ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. In muka hana kowa cikawa, a koma zagaye na biyu. Ran nan ku duka biyu za ku zo ku zauna a tabarmarmu ku ji abin da muke so."

"In kuma ba a koma ba fa?"

"To an dai ƙirga mu."

Alhaji Mani ya juyo gare ni. "Kai kuma, Iro, da hannunka?"

Na ce, "Alhaji, ka san dokar rumfar nan tun Malam Rabe na da rai."

Alhaji Mani ya miƙe. Ya duba aikinsa da ke shanye, ya ce ya yi kyau, ya tafi.

Da a nan abin ya tsaya, da ba labari. Bayan kamar mako biyu, da hantsi, wata farar mota ta tsaya a bakin rumfa. Mai ita na san shi da gani, ɗan kwangila ne da ke tare da masu mulki. Na ɗauka fuskar nasu ɗan takarar ya kawo. Sai ya ce tulu yake so, guda ɗari, a rataya a Kambarawa da Ƙofar Marusa. Wato daidai inda ƙarfin Alhaji Mani yake.

Na ce, "Alhaji, ka sauya sheƙa ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Malam Iro, kai dai zana. Taimakon ƙananan jam'iyyu ai lada ne."

Doka ta ce kowa ya kawo aiki a yi masa. Amma Malam Rabe bai taɓa ganin wanda ya zo sayen alamar da ba tasa ba. Na ce ya ba ni zuwa gobe. Bayan azahar na rufe rumfa na tafi gidan Malam Sada, na same shi a zaure yana gyaran fitilar babur. Na kwashe duka na faɗa masa. Ƙyalle ɗari ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ashirin ma da ƙyar ya haɗa. Ya ajiye fitilar.

"Ka ga abin da Alhaji Mani yake faɗa ke nan," ya ce. "Yana da gaskiyarsa." Ya goge hannu da tsumma. "Kada ka yi, Iro. Wanda zai zaɓi tulu ya zaɓe shi don ya ji maganarmu. Ban fito don in zama sandar da wani zai doki wani ba."

Washegari na ba mai farar mota haƙuri. Bai yi fushi a fuska ba, ya dai ce zan tuna da ranar.

Kwana shida bayan nan gari ya waye da tulu ko'ina a Kambarawa da Ƙofar Marusa, har a jikin katangar da ke kallon gidan Alhaji Mani. Daga wani gari aka bugo su da inji, a kan leda mai sheƙi. Wanda ya buga ya ja hoton don ya cika faɗin ledar, tulun ya baje ya koma kamar tukunyar tuwo. Duk wanda ya san hannuna ya san ba ni ba ne. Amma mutane ba hannu suke dubawa ba. An san Iro ne mai zana tulu, shi ke nan.

Ranar da yamma Alhaji Mani ya zo da kansa da mai kura, ya ce a kwashe sauran yadinsa. Na ce, "Alhaji, zo mu je in nuna maka. Leda ce, ni kuwa ban taɓa aiki a kan leda ba. Dubi bakin tulun."

Ya ce, "Iro, ashirin ɗin farko wa ya zana?"

"Ni ne."

"To sauran duk 'ya'yansu ne."

Ran zaɓe na jefa ƙuri'ata a firamaren Ƙofar Marusa, kuma ba zan faɗa muku inda na dangwala ba, don ban faɗa wa ko uwar 'ya'yana ba. Bayan la'asar aka zazzage akwati a gaban kowa, ana ɗaga takarda ɗaya-ɗaya ana faɗin wanda aka zaɓa. A akwatin da Alhaji Mani bai taɓa faɗuwa ba, masu mulki suka wuce da ɗan kaɗan, kuma tarin ƙuri'un tulu da ke gefe ya fi wannan ɗan kaɗan ɗin yawa. Na ga Alhaji Mani yana kallon tarin nan, bai ɗaga kai ba har aka gama sa hannu. Da sakamakon ƙasa ya fito a rediyo, labarin bai sauya ba. Masu mulki suka koma, suka kuma cika kason da doka ta ce da ƙyar. Ba a je zagaye na biyu ba. Tabarmar da Malam Sada ya ce za a zo a zauna, ba wanda ya zo.

Kada ku tambaye ni wa ke da gaskiya. Telan da ke maƙwabtaka da ni shekara da shekaru yana bin Alhaji Mani, a wannan zaɓen ya dangwala wa tulu, shi ya faɗa mini. Arɗo Buba kuwa, wani dattijon Fulani abokin Malam Sada, ya ce mini shi da mutanen rugarsa ba su taɓa tsayawa a layin zaɓe ba sai wannan karon. Duka biyun a cikin ƙuri'un tulu suke, kuma takarda ba ta nuna wane ne wane.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni da na gani a sana'a. 'Yan adawa suka ce ni na kayar da su. Masu mulki suka ce na raina su. Shagunan babbar kasuwa da nake sabunta wa allo duk bayan salla, rabinsu mutanen Alhaji Mani ne, suka koma wajen masu inji. Allunan makarantu da na asibitocin unguwa da ake ba ni, aka daina. Fenti ya yi fata a cikin gwangwani, kullum sai na yaye kafin in ga ruwansa. Ni da na zana fuskokin manya na koma rubuta lamba a jikin kurar 'yan ga-ruwa, da "Ba a Fitsari a Nan" a katangar mutane. Shi ma sai na buga layi kafin in rubuta. Bencin da ke cika da 'yan siyasa ya zama wurin barcin akuyar maƙwabta. Fulani ba su da shagon da za a rubuta wa suna, amma duk Juma'a Malam Sada zai zo da ƙwaryar nono da ɗan man shanu a ɗaure a bayan babur, ya ce Arɗo Buba na gaishe ni. Sau ɗaya ya ce mini, "Na jawo maka, Iro." Na ce masa ni na riƙe burushin.

Alhaji Mani kuwa, in muka haɗu a masallacin Juma'a, sai mu yi musabaha, ya ce ina gajiya, in ce ba gajiya, kowa ya nemi takalminsa. Shekara uku muna haka.

Da zaɓe na gaba ya matso, sai ga abin mamaki. Motocin manyan jam'iyyun biyu suka fara bin hanyar rugage, hanyar nan da aka ce ba ta da kyau. Kowa ya hau mumbari sai ya yi maganar burtali da mashaya. An ƙirga su, kamar yadda Malam Sada ya ce, kuma kowa ya riƙe lissafin. Shi ɗan takarar tulu, ɗaya daga cikin manyan ta jawo shi ya shige cikinta, alamar ma ta ɓace daga takardar ƙuri'a. Malam Sada bai bi shi ba. Bai ma ga zaɓen ba. Da damina ya kwanta kwana tara, Allah Ya karɓi abinsa.

Ban taɓa ganin Fulani da yawa a cikin gari kamar ran jana'izarsa ba. Sanduna jingine a katanga tun daga ƙofar gidan har bakin titi. Da aka tayar da salla na ji kafaɗar wani ta taɓa tawa, na waiga, Alhaji Mani ne. Daga maƙabarta muka jero tare, sai da muka kusa rabuwa ya ce, "Na daɗe da sanin wanda ya bugo ledojin nan. Ɗan kwangilar nan mai farar mota ne, shi da bakinsa ya yi alfahari da shi a wajen wani ɗaurin aure." Na ce to. Ya ce, "Awo. Na dai ce in faɗa maka."

Bayan wata biyu ya zo rumfa da allon ƙarfe a bayan a-kori-kura. Ashe ya tara 'yan kasuwa sun haƙa rijiyar burtsatse a bayan gari, kusa da rugar Arɗo Buba, da kwamin shan ruwan shanu. Ko don ƙuri'a ya yi, ko don Allah, ko duka biyun, ban tambaya ba. Sunan Malam Sada yake so a rubuta a kai.

Na ce, "Ga masu inji can, Alhaji, minti goma sun gama."

Ya ce, "Leda ba ta shekara a rana. Kai za ka yi."

Na kankare tsatsa da takarda mai yashi, na shafa farin fenti hawa biyu, ya dawo washegari da ya bushe. Na buga layi. Ya cire babbar riga ya rataye a ƙusa, ya zauna a benci yana kallo, har na kai tsakiyar sunan. Sai ya yi ajiyar zuciya.

"Allah Ya jiƙan Malam Sada. Mutumin kirki ne. Amma har gobe ina nan a kan bakana, Iro, shi ya kayar da mu."

Na ce, "Amin. Taso ka riƙe mini gefen nan, Alhaji, allon yana rawa."

Ya taso ya riƙe, bai saki ba har na rufe baƙin ƙarshe.